Goron da Baba Ya Mayar

Na san wasunku in sun gama jin wannan za su ce ni na jawo wa kaina. To, na ji, amma ku bari in kai ƙarshe tukuna. Sunana Tsahara, 'yar Nomau mahauci. A unguwar Adjamé aka haife ni, cikin wani birnin bakin teku da Faransa ke mulka, a layin bayan kasuwa, inda ko ido rufe ka shigo ka san ka iso saboda warin fata da kitse. Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarar 1939, shekarar da Faransa ta shiga yaƙi. Kowa a gari maganar yaƙi yake, ni kuwa abin da ya hana ni cin abinci kwandon goro ne guda ɗaya.

Sai dai dole in fara da jarida, don ta nan masifar ta shigo mini.

Aikina a rumfar Baba shi ne naɗe nama. Mutanenmu a ganye ake sa musu, amma kukun Turawan unguwar Plateau sai a takarda, don haka Baba yake sayo tsofaffin jaridun Faransa dami-dami, ni kuma in yayyaga. Ban iya karatun boko ba, hotuna kawai nake kallo. Wata safiya, kusan shekara guda kafin yaƙin, na gama ƙunshe wa wani kuku hanta ke nan sai na ga mutum tsaye a kaina, farar riga fes, wando kaki mai kari, takalmi har yana ƙyalli a cikin taɓon kasuwarmu.

"Pardon, 'yammata. Don Allah ki kwance hantar nan."

"Kai ka saya?"

"A'a. Takardar nake so."

Na dube shi sama da ƙasa. Kyakkyawa ne, ba zan ɓoye muku ba, dogo, siriri, da ɗan gibi a haƙoransa na sama. A raina na ce kaico, ga kyau ga taɓin hankali. Kukun ya gaji da jira ya kwance da kansa, saurayin nan ya karɓi takardar duk jini, ya shafe ta da farin hankicinsa, ya nuna mini wani ɗan zane a gefe, gidaje baƙi da fari da wasu 'yan gumaka a ciki.

"Duk wadda kika ga wannan a jiki, ki aje mini. Sunana Kailu."

Hausarsa a karye take, rabi Faransanci. A Treichville aka haife shi, unguwar da ke ƙetaren ruwa, tun ana ce mata Anumabo. Iyayensa mutanen Damagaram ne, sun rasu yana ƙarami, kawunsa Mika'ilu tela ya riƙe shi ya sa shi lekol, makarantar Faransawa, yanzu yana aikin rubutu a wani kantin Turawa. Abin da ke cikin zanen kuma shi ne eshek, darar Turawa. Ya ce akwai manyan gwanaye a duniya da ba su da sana'a sai ita, ana tara su a yi gasa, jarida kuma tana buga duk abin da kowa ya taka.

Duk ranar Lahadi yake haye ruwa ya zo karɓar takardunsa. Baba bai hana ba, don yaron yana durƙusawa har ƙasa in zai gaishe shi. Gwaggo Sailuba, ƙanwar Baba wadda ta rene ni tun rasuwar Inna, ita take zama kusa da mu a ƙofar gida tana tsinkar zogale tana harararmu. A nan ya koya mini wasan. Ya zana gidajen a bayan faifai da gawayi, muka yi 'ya'yan da ƙwaryar zare da maɓallan kawunsa, don Gwaggo ta ce gunki ba zai shigar mata gida ba. Na san sarki, na san sarauniya, na san doki mai tsallen gefe, da wanda Faransawa ke kira mahaukaci, mai tafiya a karkace. Na ce wa Kailu wannan ɗan'uwansa ne. Ta wannan hanya na iya haruffa takwas da lambobi takwas, kuma su ne bokona har yau.

Ku da ba ku taɓa bin gasa daga rumfar nama ba, ba za ku gane wahalar ba. Jarida sai ta yi makonni a jirgin ruwa kafin ta sauka a tashar Port-Bouët, Bature ya karanta, matarsa ta shimfiɗa a kabad, sannan ta iso wurinmu a hargitse. Lokacin babbar gasar nan ta ƙasar Holan, da aka tara gwanaye takwas ana yawo da su a jirgin ƙasa gari-gari, mun san wanda ya ci tun kafin mu ga yadda aka fara. Wani wasan rabinsa muka samu, sauran ya bi cinyar rago zuwa gidan wani kumandan. Sai mu jera 'ya'yan inda takarda ta yage, mu zauna muna gardamar me zai biyo baya. Sunayensu ba sa faɗuwa a bakina, sai na raɗa musu nawa. Akwai Tsoho Mai Sanyi, wanda ba ya gaggawa, shi Kailu ke so. Akwai Ɗan Yaro, mai shiga wuta da ka, shi ne nawa. Ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba, amma in Ɗan Yaro ya faɗi, ranar har nama sai na naɗe shi a karkace.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya. Sau da yawa muna cikin bin wasa, ga 'ya'ya cike da faifai, sai rubutu ya ƙare da wata kalma.

"Ina sauran?"

"Babu. Abandon. Ya sallama."

"Ai ba a kashe sarkinsa ba."

"Ba a jira sai an kashe. Gwani yana hango abin tun daga nesa. In ya lissafa ya ga ba mafita, sai ya miƙa hannu ya tashi da mutuncinsa. Ci gaba raina abokin wasa ne."

"Mu a mayankarmu ko an kayar da saniya sai ta yi ta harbi."

"Shi ya sa take saniya," in ji shi, yana dariya.

Ni ma na yi dariya. Ya faɗi maganar da wani irin sha'awa, idonsa har yana haske, kamar sallamar ta fi cin wasan burge shi. Ban kawo komai a raina ba, ina can ina kallon gibin haƙoransa.

Da damina ta ja baya, Kailu ya ce zai turo. Ranar na sha lalle har gwiwar hannu, na ɗaura zanena ɗan Holan mai ruwan bula da Gwaggo ta aje mini a ƙasan adaka, na laɓe bayan zana. Kawu Mika'ilu ya zo da dattawa biyu cikin manyan riguna, da kwandon goro fari sol an lulluɓe shi da ɗanyen ganye. Baba ya karɓe su a zaure, aka sha fura, aka yi maganar yaƙi da tsadar shanu tunda soja suka fara kame taragon jirgin ƙasan da ke kawo su daga Bobo. Aka faɗi abin da ya kawo su. Baba ya saurara har ƙarshe. Da suka miƙe, ya sa hannu ya ɗauki kwandon ya bi su har bakin titi, ya miƙa wa Kawu Mika'ilu.

"Kun mance kayanku."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Yanzu ku saurara da kyau, don a nan komai yake. Mu mahauta mun san yadda ake kallonmu. Mutum zai ci naman hannunmu ya lashe yatsa, amma in ɗansa ya ce 'yarmu yake so sai a tara dangi. An sha auren 'ya'yanmu a sako su da goyo saboda gorin dangin miji. Shi ya sa a zuriyarmu, tun can Adar, ba a karɓar goron bare a zuwan farko. Mayar masa ake yi, ba dalili, ba bayani. In ya haɗiye kunyar ya sake ɗaukowa da ƙafarsa, an san zai iya haɗiye gori, sai a ba shi. In bai dawo ba, an huta. Sharaɗin guda ne: kada wani na gidan ya tsegunta masa. In an tsegunta, gwajin ya lalace.

Na san da wannan tun ina yarinya, don haka ban yi kuka ba. Na cire zanen na ninke, na ce Lahadi zai zo. Lahadi ta zo ta wuce. Wata ta sake zuwa. Takardun da nake aje masa suka taru a ƙarƙashin tabarmata har suna ɗaga ta, cikinsu akwai labarin wata gasar ƙasashe da ake yi a Ajantina, ga ta a hannuna ba mai karanta mini bayanin. Na jera 'ya'yan ni kaɗai, na bi lambobin, amma ba daɗi. Ba wanda zan ce wa ka gani, na faɗa maka dokin zai ci.

"Gwaggo, a Damagaram in an mayar da goro me ake nufi?"

Ba ta ɗago daga tuƙin tuwo ba. "Mi ya dame ki da Damagaram?"

"Tambaya na yi."

"An ƙi ka. Har abada. Haka su suka sani."

"To ai bai san namu ba. Ba adalci a ciki."

Ta aje muciya ta juyo. "Mijina, baban su Haladu, Allah shi jiƙan shi, Bazabarme ne. Wa ya gaya mishi namu? Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ya dawo da goro a ka, 'yan'uwanshi duk sun ƙi rako shi. Wanda ke so ba ya buƙatar a gaya mishi. Ki kama bakinki, Tsahara. In Yaya ya ji kin aika ko da tari ne, ke da yaron nan sai a lahira."

Na kama bakina. Na rame, wuyan rigata ya yi mini yawa, su kukun Plateau har suna tambaya ko zazzaɓi nake. Haushin Baba nake ji, da na Gwaggo, da na kakannin da suka ƙirƙiro wannan abu suka mutu suka bar mu da shi. Kailu ne kaɗai ban ji haushinsa ba. Kullum ina nema masa uzuri.

Sai ranar wata Laraba Rahamatu mai fura, wadda ke kai tallarta Treichville, ta tsaya a rumfa ta sauke ƙwaryarta, ta zaro wani ɗan akwatin katako daga cikin zane ta tura mini ƙarƙashin tebur. Na buɗe kaɗan. 'Ya'yan eshek ɗinsa ne na gaske, na katako mai santsi, waɗanda wani Bature ya bar masa, waɗanda ko kawunsa ba ya bari ya taɓa.

"Ya ce ki riƙe, shi ya gama da su."

"Ya gama kamar yaya?"

"Ke ba ki ji ba? Suna zai kai bariki. Ya ce ran Litinin. Wasu gudu suke suna ɓuya a daji kada a kama su soja, shi da ƙafarshi zai je. Kawun nashi har ya gaji da magana."

Na rufe akwatin. Na gane abin da ya yi sarai, don na sha ganinsa a ƙarshen takardu masu jini. Ya zauna ya lissafa, ya ga ba mafita, ya miƙa hannu. Ni ce wasan da ya sallama.

Washegari da hantsi na ce wa Gwaggo zan kai wa wata madam nama a Plateau, kukunta ba lafiya. Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce, don ta bi mayafina da kallo, wanda ba na yafawa in zan kai nama. Na gangara ta cikin Plateau da ƙafa, ina raɓewa gefen titi saboda motocin soja, har bakin ruwa. Na shiga pinas, ɗan jirgin fito mai inji, tare da matan ƙabilar Ebrié masu kwandunan kifi. Sama ta yi baƙi, ruwan lagon, tafkin da ya raba mu da Treichville, ya yi kalar toka, injin yana tari yana fesa mana hayaƙi. Ni da ban taɓa hawa ruwa ni kaɗai ba, ko tsoro ban ji ba. Tunanina ɗaya ne, in na faɗa masa na karya abin gidanmu, in ban faɗa ba ran Litinin za a aske masa kai a ba shi jar hula.

A tashar jirgin Treichville na tambayi wata Bajula mai alloko, wato soyayyiyar ayaba, shagon Mika'ilu tela, ta nuna mini da ludayi. Na same shi a bayan shagon, zaune kan benci ƙarƙashin mangwaro, da singileti, gemu ya fito masa. Jarida ce a hannunsa. Da ya gan ni ya miƙe har tana faɗuwa.

"Tsahara. Me ya kawo ki? Wa ya rako ki?"

"Ƙafata. An ce soja za ka."

Ya sunkuyar da kai. "Ki zauna."

"Ba zama na zo ba."

"C'est perdu, Tsahara. An riga an cinye. Na duba ta ko'ina, wallahi na duba." Ya fara lanƙwasa yatsu, yadda yake yi in yana nuna mini abin da Tsoho Mai Sanyi ya hango. "Babanki ya mayar da goro a bakin titi, gaban mutane. Kawu ya ce an ci mutuncinsa. In na koma ni kaɗai, na saɓa wa Kawu. In na aika wasu, Babanki zai ce na raina maganarsa. In na ci gaba da zuwa ran Lahadi, na ɓata miki suna. Duk inda na taka akwai amsa. Mutum ya san lokacin da zai tashi."

"Ka tambaye ni?"

"Me zan tambaye ki? Ba ke kika mayar ba."

"Ka zo ko sau ɗaya ka ga ko ina raye?"

"Da na zo da na ƙara miki ciwo. Na yi tunanin wannan ma."

Ya yi tunanin wannan ma. Ku ji fa. Na tsaya ina kallonsa, ga keken ɗinkin kawunsa yana ta ƙara a ciki, ga ruwa ya fara ɗigowa ta cikin ganyen mangwaro. Na ba shi dama, Allah ya sani na ba shi. Na jira ko zai ce bari in sake gwadawa ko da za a kore ni da sanda. Ya ɗauko jaridar daga ƙasa yana karkaɗe ta, ya ce wai yaƙi ya rutsa da gwanayen a Ajantina, wasu ba su san ta yadda za su koma gida ba.

Sai na faɗa masa. Duka. Yadda ake mayarwa, da dalilin, da abin da ake jira.

Da farko bai gane ba, sai da na maimaita. Sannan fuskarsa ta buɗe. Ya dafe kai, ya zagaya bencin, ya yi dariya har gibin ya fito.

"Mais alors ba a cinye ba. Tarko ne. Ya ba da abu don ya ga ko zan... Kai, Babanki babban ɗan wasa ne. Yaya aka yi ban gani ba? Kawu! Kawu, zo ka ji."

Na riƙe masa hannu, karo na farko a rayuwata. "Kada ka gaya wa kowa daga ina ka ji. In Baba ya sani, shi ke nan."

"Bien sûr, bien sûr. Zan ce na sake tunani ne." Yana ta murmushi. "Jumma'a za mu zo. Ki ce na faɗa."

Ya rako ni har tasha da lema, yana ta bayanin yadda zai shawo kan kawunsa, in ya ce kaza zai ce masa kaza. Bai tambaye ni me na ce a gida na fito ba. Bai tambayi abin da zai same ni in an gane ba. A cikin pinas na zauna a jiƙe, na samu abin da na je nema, amma ƙirjina kamar an ɗora mini turmi. Na ce wa kaina gajiya ce.

Ran Jumma'a bayan an sauko masallaci suka zo. Dattawa huɗu wannan karon, da Kailu kansa a bayansu cikin babbar riga ta aro, hannun ya yi masa tsawo. Kwandon ya fi na farko girma. Gwaggo ta leƙa ta zana ta dawo tana gyara ɗaurin kallabi, ta dube ni ta kawar da kai. Ban sa zanen Holan ba, na gida ne a jikina, duk tabon kitse.

Ina jin muryoyinsu sama-sama. Can sai na ji takun Baba ya shigo tsakar gida. Kwandon yana hannunsa. Bai taɓa shigowa da goron baƙi cikin gida da kansa ba, Gwaggo ake kira ta ɗauka ta raba wa maƙwabta, da an raba kuwa magana ta ƙulle. Ya wuce ta, ya shiga ɗakinsa.

"Tsahara. Taho."

Na shiga na durƙusa bakin ƙofa. Yana zaune kan buzunsa, kwandon a gabansa, ganyen ko ɗagawa ba a yi ba. Baba ba mai faɗa ba ne. Mutum ne mai kauri, mai ƙananan idanu, yatsunsa duk tabon wuƙa. Tun rasuwar Inna bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

"Ruwa ya ba ki wahala ran Alhamis?"

Na sunkuyar da kai ina kallon kwandon.

"Naman da a ka ci Treichville daga hannuna shi ka fita. Yarana na bisa pinas kullum. Tun ba ki sauka ba labari ya iso ni."

"Baba, ka yi haƙuri. Soja zai shiga. Bai san al'adarmu ba, a wurinsu..."

"Na sani. Ban kira ki don wanga ba." Ya gyara zama. "Ke kin ɗauka goron ga don ni a ka maida shi? Mi zan yi da sanin halin yaro? Ba ni za ni zauna da shi ba. Don ke a ka yi. Don ɗiya ta gani da idonta tun tana gidan ubanta, ba sai tana da goyo ba."

Hawaye suka fara zubo mini. Ya bar ni na yi, bai ce in daina ba.

"Yaron shina da ladabi. Ba shi sha, ba shi caca, na bincika. Ban da abin ƙi gare shi. Amma aure ba Lahadi ba ne, ɗiyata. Wata rana danginshi za su ce miki ɗiyar mahauta a gaban shi. Wata rana ciwo, wata rana babu. Ranar da abu ya yi kamar ya ƙare, shi mi zai yi? Ke kin je, kin gan shi, kin ji bakinshi. Ni ban je ba. Tambaya guda za ni yi miki, kuma ba ki taɓa yin ƙarya a gidan ga ba sai ta naman madam."

"Na'am, Baba."

"Da ba ki haye ruwa ba, da ya dawo?"

Wallahi na buɗe baki in ce eh. Kalmar tana kan harshena. In na faɗe ta, Baba zai yarda, ko ya yi kamar ya yarda, a kira Gwaggo ta raba goro, kafin la'asar layinmu duk an san an ba da ni. Na nemo uzurin da na saba nema masa, maraici, lekol, Damagaram, kawunsa. Duk suna nan, kuma duk gaskiya ne. Amma na tuna shi a ƙarƙashin mangwaron nan yana lanƙwasa yatsu, bai bar ko ɗaya ba da sunana.

"Da bai dawo ba, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai yi murna ba, na ga haka a fuskarsa. Ya sa tafin hannu ya turo kwandon har ya taɓa gwiwata.

"To kin sani, ni ma na sani. Ba ni maida goro sau biyu, kuma ba ni karɓar wanda a ka roƙo. Wanga naki ne. In kin kai ma gwaggonki, ta raba, in sa albarka da zuciya guda, ba kuma za ki taɓa jin maganar ga a bakina ba. In kin kai zaure, ki aje gaban su, ba sai kin ce komi ba. Suna jira."

"In na mayar, soja zai tafi."

"Shina iya."

"In aka kashe shi fa?"

Baba ya dube ni, idonsa ya yi ja. "In kin aure shi don kada shi tafi, haye ruwan ga kin fara shi ke nan. Duk ran da ya zauna ya ce an cinye, ke za ki bi shi ki ɗago shi. Wasu matan suna iyawa har tsufa. Ban san ko kina cikinsu ba."

Na ɗauki kwandon. Ya fi yadda na zata nauyi, ruwan ganyen yana bin hannuna har gwiwa. Na fito tsakar gida. Gwaggo tana tsaye bakin madafa ta hagu, ta riga ta shimfiɗa faifan rabo, hannunta a goye a baya, ta ƙi kallona. Ta dama kuma zaure ne, da tsohon labulen buhu a ƙofarsa.

Daga nan ina jin muryar Kailu. Ya saki jiki, yana ba dattawan labari da karyayyar Hausarsa, yana dariya, irin dariyar wanda ya san ya ci. Na tsaya a tsakiyar gidan da na girma a ciki, ina jin muryar nan da na fi so a duniya, kuma ko a lokacin son nasa bai ragu da ƙwayar gero ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.

"Tsahara," Gwaggo ta ce a hankali, "goro ba ya son rana."

Na share fuskata da kafaɗa, na gyara riƙon kwandon, na nufi labulen.